Manɗiƙi: kalmar da manyan malamai biyu suka yi gardamarta a waƙe

Idan ɗalibin zaure ya ji an ce manɗiƙi, ilimin tsara hujja ne ke zuwa masa a rai. Amma asalin kalmar a Larabci furuci take nufi. Da wannan ma'anar ta zo a Suratun Namli, inda aka sanar da Annabi Sulaiman zancen tsuntsaye. Daga nan ne Fariduddin Attar, mawaƙin Farisa, ya samo sunan littafinsa, Manɗiƙuɗ Ɗairi.

Labarin kalmar ya ratso ta ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya saɓa wa Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya haramta karatun manɗiƙi. Baitoci ya aika masa, yana nuna cewa gaskiya ake dubawa, ko daga bakin wa ta fito. Suyuɗi ma a waƙe ya mayar da amsa, bai sauya ra'ayi ba.

Mu da muhawarar addini ke raba zumuncinmu a WhatsApp, ga darasi: saɓaninsu ya yi zafi, amma kowa hujja ya kawo, har da ƙafiya.