Kiɗan Kwamfuta a Garin Kuza

Duk wanda ya ratsa Taminus a Jos da yamma, ko ya hau keke-napep zuwa Farin Gada, ba zai rasa jin wannan kiɗa ba: duka mai nauyi da ƙirji ke amsawa, a samansa matashi na zubo baiti, rabi Hausa rabi Turancin buroka. Ba makaɗi, ba kalangu. Kwamfuta ce ta haɗa komai. Dattawa kan ce hayaniya ce kawai. To, amma hayaniyar da ta riƙe matasa fiye da shekara ashirin ta isa a tambayi dalilinta.

Hip-hop, tushen wannan kiɗa, ya samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, a hannun DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika. Tun ran gini aka yi masa zane da gauraye: a tsamo gaɓar ganga daga tsohon faifai, a yi ta maimaita ta, a ɗora magana a kai. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urar kiɗa TR-808, a 1982 kuma Afrika Bambaataa ya haɗa dukanta da karin ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus.

Irin wannan kiɗa bai yi baƙunta a Jos ba, domin garin kansa haka aka gina shi. Haƙar kuza ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da Urhobo a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta tun farkon ƙarni na 20. Yaron da ya tashi a nan ya ji kuntigin Ɗan Maraya a rediyo, ya ji waƙoƙin coci na Panam Percy Paul, ya ji rege da kiɗan finafinan Indiya, duk a layi ɗaya. Kunnensa ya saba da haɗe-haɗe tun bai san sunan abin ba. A Jos aka haifi 2Baba a 1975, da tagwayen P-Square a 1981. Nan M.I Abaga da ƙanensa Jesse Jagz suka tashi, haka ma Ice Prince, wanda Jesse Jagz ya haɗa wa kiɗan “Oleku” a 2010, wanda kuma ya ci kyautar BET a 2013. Kafin su M.I, Jeremiah Gyang ya riga ya nuna waƙar Hausa kan zauna daram a kan kiɗan zamani.

Sai batun araha, wanda ni a ganina shi ne babban sirrin. A da, kiɗa gado ne. In ba ka gada ba, sai ka shekara da shekaru kana yi wa ubangida amshi. Yau ɗaki ɗaya ya isa situdiyo: kwalayen ƙwai a manne a bango don tare sauti, makirfo ɗaya, ƙaramin janareta a bakin ƙofa, da kwamfuta mai manhajar FL Studio. Furodusa zai jera dukan ganga a akwatuna-akwatuna a kan allo, ya ɗauko gurnanin amapiano na Afirka ta Kudu ya shimfiɗa a ƙasa, ya ce da mawaƙi, “Malam, shiga!” Kafin gari ya waye waƙa ta bazu a wayoyi.

Sauƙin nan kuwa yana da illarsa. Tunda kowa daga rumbu ɗaya yake ɗebo sauti, waƙoƙi da yawa sai su fito kamar an tsaga kara, Auto-Tune mai gyaran murya kuma ya goge wa kowa muryarsa. Abin takaici, furodusa ya fi saurin nemo sautin Johannesburg a intanet da ya je ya naɗo kundung na Birom da ke nan kusa da shi. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, amma da wuya ka ji kuntigi a sababbin kiɗe-kiɗen garinsa.

Kuma kusan duk wanda ya yi suna sai ya tattara ya koma Legas, inda kamfanoni da masu ɗaukar nauyin wasa suke. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, da dokar hana fita da ta biyo bayansu, sun ƙara tsuke wasannin dare a garin.