Zuwa Kware ba kullum kwanciya ba ce

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Illela zuwa Sakkwato ya san hanyar: a wuce Gwadabawa, a ratsa Kware, sannan a shiga birni. A Kwaren nan ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yake, kuma sunan garin ya zama abin tsokana a bakinmu. Da ɗalibi ya yi shirme a aji sai ka ji an ce "a kai shi Kware," kamar yadda Kanawa ke cewa Dawanau. Wannan ba'a ta sa da yawa cikinmu na zaton duk wanda ya je can kulle shi ake yi.

Alhali mafi yawan masu zuwa irin wannan asibiti ba a ba su gado. Mutum zai yanki kati, ya ga likita, a saurare shi, a rubuta masa magani ko a sa masa lokacin tattaunawa, ya kwana a gidansu. A layin jira za ka tarar da yaro mai farfaɗiya, da saurayin da tiramol ya kama, da mai jego da damuwa ta hana ta barci, da tsohon da ya fara manta sunayen jikokinsa. Cutar ba ta duba shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wato sa'o'inmu ke nan.

Jinyar mutum yana cikin danginsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da 'yan uwansu, suna zuwa asibiti da rana. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958.

Inda gizo ke saƙa ga mutanen Illela shi ne ranar komawa. Tafiya ce mai cin kuɗin mota da yini guda, kuma mara lafiya na buƙatar ɗan rakiya. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, sai wasu su ce bai yi ba su watsar. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, ko su sayi wani mai kama da shi a kemis ko a tsallaken Ƙonni. A nan ne ciwon ke dawowa, wani lokaci ma ya fi na farko. Addu'a ba ta hana shan magani, mari da bulala kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba.

A gidaje da dama mu ne masu karanta katin asibiti, don haka mu ne za mu tuna wa Inna ko Kaka ranar. Idan kuma mu ne barci ya gagara, karatu ya ƙi shiga, zuciya ta yi nauyi har mako biyu, mu gaya wa iyaye ko malamin da muka yarda da shi. Wanda ya ji tunanin cutar da kansa kada ya jira gobe. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Illela, idan abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takardar turawa. Ranar tafiya a riƙe kati da kwalin maganin da ake sha, a tafi da wanda yake kwana gida ɗaya da mara lafiyar, domin likita zai yi masa tambayoyi.