Albashi a Kuje: a kasafta shi tun ranar da ya shigo

Ma'aikata da dama sun zaɓi zama a Kuje ne saboda haya ta fi sauƙi a kan ta tsakiyar Abuja. Sai dai tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ke lamushe rarar da aka samu a haya. Albashi kan shigo a ƙarshen wata, kafin goma ga sabon wata an koma cin bashi wajen mai shago.

Shawarar masana harkar kuɗi ita ce a raba abin da ake samu bisa kaso cikin ɗari. Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta suka yaɗa a 2005: kashi 50 na buƙatun dole, 30 na jin daɗi, 20 na ajiya.

Wannan lissafi na masu hali ne. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, rabin kuɗinsa 35,000 ne, kuma cefane da kuɗin mota kaɗai sun haye haka. Don haka kowa ya yanka rigarsa daidai jikinsa: kashi 70 na cefane da mota, wato 49,000, kashi 20 na haya da kuɗin makaranta, 14,000, kashi 10 na ajiya, 7,000. Haya shekara-shekara ake biya, wanda bai tara ta wata-wata ba, sai ya ci bashi ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Gudunmawar biki da suna da taimakon dangi su ma a yanke musu iyaka cikin kason farko.

Babban sharaɗi shi ne a fara cire ajiya. Dokar fansho ta 2014 kashi 8 take cirewa kafin albashi ya shiga hannun ma'aikaci, shi ya sa yake taruwa. Zubin adashi ma haka yake aiki.

Kuma da yake hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuɗin da aka jibge a ɗaki darajarsu zubewa take. Kuje ƙasar noma ce. Magidancin da ya sayi buhun masara ko dawa da kaka ya tsira daga tsadar damina. Wanda kashi 10 na ajiya ya yi wa nauyi ya fara da 5, muddin zai riƙe shi kowane wata.