Shin yawan saduwar aure na rage haɗarin sankarar furostat?

Furostat wata 'yar ƙwaya ce mai girman ɗan goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sankararta na cikin cututtukan dajin da suka fi addabar maza a Afirka.

Masana a jami'ar Harvard ta Amurka sun bibiyi maza kusan 32,000 tsawon shekara 18, suka fitar da sakamako a 2016. Sun gano cewa masu fitar da maniyyi sau 21 ko fiye a wata, haɗarin kamuwarsu bai kai na masu yi sau 4 zuwa 7 ba, da bambancin kusan kashi 20 cikin 100. Ana zaton yawan fitarwar na wanke abubuwan da kan taru a ƙwayar.

Sai dai alaƙa kawai binciken ya nuna, bai tabbatar cewa saduwa rigakafi ce ba. Akasarin mazan Turawa ne, kuma bambancin ya fi bayyana a nau'in cutar marar tsanani. Wasu nazarce-nazarcen ma sun danganta cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, irin su ciwon sanyi, da ƙaruwar haɗarin.

Abubuwan da suka fi tasiri su ne yawan shekaru, gado da kasancewa baƙar fata. Tunda cutar kan fara ba tare da wata alama ba, likitoci na shawartar namiji baƙar fata ya tuntuɓi asibiti kan gwajin jini na PSA tun daga shekara 45, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa kamuwa.