Matakan Ƙirƙira da Bitar Kai a Darasin Zane na Matakin Farko

1.0 Gabatarwa

Abin da aka saba gani a makarantunmu shi ne, idan malamin zane ya ba da aiki, takarda guda ce ke dawowa teburinsa ɗauke da zanen da aka gama. Sai ya duba, ya ba da maki, a wuce zuwa batu na gaba. Abin da ya gudana tsakanin ranar da aka ba da aikin da ranar da aka kawo shi, ba mai bin sawunsa. Ba a san ko ɗalibin ya gwada sau biyar kafin ya dace ba, ko kwafa ya yi daga bangon littafi, ko kuma yayansa ne ya zana masa a gida. A wannan maƙala za mu yi bayani a kan wannan tazara da ake tsallakewa. Matsayinmu shi ne, a darasin zane na matakin farko, hanyar da ɗalibi ya bi da kuma bitar da ya yi wa kansa su ne ainihin abin koyarwa, don haka ya kamata manhaja ta ba su lokaci, ta kuma ba su maki. Mun taƙaita bayanin a kan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, inda zane yake a cikin darasin Fasahar Al'adu da Ƙirƙira tare da kiɗa da wasan kwaikwayo, kamar yadda manhajar ilimin tushe ta shekara tara ta tsara, wadda hukumar NERDC ta shirya, aka kuma fara aiki da ita a 2008.

2.0 Dalilin da Ya Sa Wannan Aji Yake da Muhimmanci

Yaron da ya shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare yakan kasance ɗan shekara 11 zuwa 13. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld, a littafin da ya wallafa a 1947, ya nuna cewa a wajen waɗannan shekaru ne yaro yake daina zane don jin daɗi kawai, ya fara gwada abin da ya zana da abin da idonsa ke gani. Daga nan sai ya soma ganin aibin aikinsa. Ɗan shekara shida zai zana doki mai ƙafa biyar ya nuna wa kowa da murna. Ɗan shekara 12 kuwa zai rufe takardarsa da hannu don kada na kusa da shi ya gani.

Wannan ido mai ganin aibi shi ne jarin darasin, amma idan ba a sarrafa shi ba yana iya zama sanadin barin zane baki ɗaya. Yaron da aka ba maki uku cikin goma ba tare da wani bayani ba, hukunci guda zai yanke: shi ba shi da hannun zane. Da zarar ya zauna a kan wannan hukunci, ko dai ya koma kwafa, ko ya nemi mai yi masa. Saboda haka aikin malami a wannan aji shi ne ya mayar da maganar "zanena bai yi kyau ba" ta koma tambayar da ake iya amsawa: wane wuri ne bai yi ba, me ya jawo, me za a gwada a karo na gaba.

3.0 Matakan Ƙirƙira

A 1926 Graham Wallas, wani masani ɗan Ingila, ya kasa aikin ƙirƙira zuwa matakai huɗu: shiri, da jiƙo, wato ajiye matsala a zuci har ta nuna, da faɗowar dabara, sannan tantancewa. Ba dole ne su zo a jere ba, domin mai zane yakan kai mataki na huɗu ya komo na farko. Amfanin rabon a wurin malami shi ne yana nuna cewa zanen da aka gama ƙarshen tafiya ne, kuma kowane zango na tafiyar ana iya koyar da shi.

Tarihin koyar da zane ya tabbatar da haka. Makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta tanadi darasin share fage ƙarƙashin Johannes Itten, inda sabon ɗalibi yake shafe watanni yana gwada kayan aiki da launuka da laushi ko kaushin abubuwa kafin a tura shi wani sashe na sana'a. A Nijeriya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun yi fice ne saboda sun tambayi kansu me ya sa suke zane yadda ake koya musu, kuma ina matsayin fasahar gida a cikin aikinsu. Shi Onobrakpeya, ɗaya daga cikin dabarun ɗab'in da aka san shi da su ta samo asali ne daga haɗarin da ya faru a 1967, lokacin da asid ya ɓata masa farantin ɗab'i, ya cike wurin da danƙon Araldite, ya ga abin da ya fito ya fi ƙarfin gyara kawai. Da ya jefar da farantin, da dabarar ta tafi da shi.

4.0 Misali Daga Aji

Mu ƙaddara an ba wata ɗaliba aikin mako huɗu: ta sassaƙa hatimi a jikin dankali, ta buga adon da ke maimaituwa a kan takarda, kamar wanda za a iya sa wa kallabi. An kuma ba ta littafin gwaji, wato littafin rubutu na yau da kullum wanda ba a yage shafi daga cikinsa, inda za ta zana duk abin da ta gwada, ta rubuta layi biyu ko uku a ƙarƙashi.

A mako na farko aikinta kallo ne. Ta zano adon da ta gani a jikin ƙwarya, da dagin da ke wuyan rigar mahaifinta, da zanen da ke bangon wani tsohon zaure a unguwarsu. Ta rubuta cewa dagin ya fi burge ta, amma layukansa suna shiga ƙarƙashin juna, ta kasa gane inda suka fara. A mako na biyu ta sassaƙa shi da reza kamar yadda ta zana. Da ta buga, fenti ya cike ƙananan ramukan, abin da ya fito dunƙule ne kawai. Ta manna wannan bugu a littafin, ta rubuta cewa layukan sun yi siriri, kuma ta zuba fenti da yawa. Da ta dawo mako na uku ta tarar dankalin ya bushe ya yamutse, dole ta sake sabo. A tsakanin makonnin ta lura da yadda wata maƙwabciyarsu mai ƙunshi take barin fili tsakanin layuka don kada lalle ya haɗe, sai ta rage saƙar dagin, ta faɗaɗa ramukan. Ta so ta yi amfani da ja da kore, amma da ta ɗora ɗaya a kan ɗaya tun bai bushe ba sai suka ba ta ruwan ƙasa mai duhu. Ta rubuta wannan ma. A mako na huɗu ta buga jeri biyar, kore da ja suna musanya, kowanne a wurinsa, jeri na ƙarshe ya ɗan karkace.

Idan takardar ƙarshe kaɗai malami ya gani, karkacewar za ta fara ɗaukar idonsa, wataƙila ma ya fifita aikin wani ɗalibi da ya shafe adon atamfa ta ƙarƙashin takarda mai shara-shara. Littafin gwaji kuwa yana nuna cewa yarinyar ta koyi abubuwa huɗu da hannunta: kaurin layi gwargwadon kayan aiki, da yawan fenti, da halin ɗanyen abu idan ya kwana, da abin da ke faruwa idan launuka masu adawa suka gauraya. Waɗannan su ne batutuwan da ake rubuta wa ɗalibai a allo a matsayin sassan zane da ƙa'idojinsa, su haddace su manta.

5.0 Yadda Ake Koyar da Bitar Kai

Abin da muke nufi da bitar kai shi ne ɗalibi ya dubi aikinsa ya faɗi abin da ya yi niyya, da abin da ya fito, da dalilin bambancin. Donald Schön, a 1983, ya rarrabe iri biyu: bitar da ake yi ana cikin aiki, da wadda ake yi bayan an gama. Ta farkon sananniya ce a sana'o'inmu. Marini a Ƙofar Mata ta Kano yana tsoma zane a karofi, ya ɗaga ya bar iska ta buge shi har tsanwar ta juye shuɗi, ya duba, sannan ya yanke ko zai sake tsomawa. Abin da makaranta ke ƙarawa shi ne iri na biyu, wato faɗar abin da aka lura da shi da baki ko a rubuce, yadda zai zauna a ajiye, wani ma ya amfana.

Tambayar "yaya ka ga aikinka?" ba ta haifar da komai sai "ya yi kyau" ko shiru. Tambayoyin da ke aiki ƙanana ne, masu nuna wuri: Me ka so ka yi? Nuna inda ya fito yadda kake so. Nuna inda ya ƙi. Me ka canza daga gwajin farko, kuma don me? Don duba aikin juna a aji, tsarin Edmund Feldman mai hawa huɗu yana da amfani: a fara da bayanin abin da ake gani, sai nazarin yadda aka haɗa sassan, sai fassara, hukunci kuwa a ƙarshe. Hausawa sun ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani, don haka kowane ɗalibi ya fara magana a kan nasa kafin a ba abokansa dama.

Harshen da ake yin bitar ma abin dubawa ne. Ɗalibin da aka tilasta wa bayyana tunaninsa da harshen da bai riga ya mallaka ba, jimlar da ya haddace zai maimaita. Inda Hausa ce harshen yaro, a bar shi ya rubuta layukansa da ita, domin yana da kalmomin da yake bukata: kauri da siranta, kaushi da santsi, haske da inuwa, cunkoso da fili, turuwa da koɗewa. Malami na iya haɗa su da kalmomin da ke cikin littafin karatu daga baya.

6.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na farko, a rage yawan ayyukan da ake bukata a zango. Aiki uku da aka bi su daga kallo zuwa bita sun fi goma da aka yi a gurguje, musamman da yake darasi guda bai cika wuce minti 40 ba. Na biyu, a sanya littafin gwaji cikin kayan da ake bukata, a kuma bayyana cewa aikin da ya lalace ana manna shi ne, ba a zubarwa. Na uku, a raba maki a fili. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta amince da auna ɗalibi a kai a kai, kuma zane yana daga cikin darussan da wannan tsari ya fi dacewa da su. Muna ba da shawarar 40 cikin 100 ga gwaje-gwajen da ke littafin, 20 ga bitar kai, 40 ga aikin da aka gama. Makin bita ya tafi ga wanda ya nuna wuri ya faɗi dalili, ba ga mai yabon kansa ko mai yawan rubutu ba, in ba haka ba ɗalibai za su gano jimlar da malami ke so su riƙa jera ta. Na huɗu, a yi la'akari da cunkoson aji. Malami ba zai iya karanta kowane littafi kowane mako ba, amma zai iya kasa ajin rukuni-rukuni, ya duba rukuni ɗaya a mako, sauran su yi bita baki da baki a mintuna biyar na ƙarshen darasi. Na biyar, kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su riƙe irin wannan littafi su ma, domin wanda bai taɓa bitar aikinsa ba zai yi wuya ya jagoranci wani.

7.0 Kammalawa

Kaɗan ne daga cikin ɗaliban aji ɗaya za su zama masu zane. Amma dukkansu za su yi wani aiki da zai ƙi fitowa a gwajin farko, ko ɗinki ne, ko gyaran inji, ko rubuta wasiƙa. Darasin zane na matakin farko wuri ne mai sauƙin kuɗi da za su saba da duba abin da ya lalace su nemi dalili, da dankali da reza da littafin rubutu guda. Sharaɗin kawai shi ne manhaja ta nemi malami ya ga shafukan da suka gabaci na ƙarshe, ta kuma ware musu maki.