Cefane da Tanadi: Kayan Abincin Gida a Ƙasar Jega



Fannina harshe ne, saboda haka da kalmomi biyu zan fara. Bahaushe ya bambanta cefane da tanadi. Cefane shi ne abin da maigida ya sayo yau domin tukunyar yau. Tanadi kuwa shi ne abin da aka ajiye tun kaka, aka ci shekara ana ɗiba. Mai albashi cefane ya sani. Rumbunsa ya koma kwalin taliya da buhun farar shinkafa da dunƙulen miya, uwargida kuwa ba ta iya dafa abin da babu a ɗaki.

Mu ɗauki Jandutsi da maƙwabtanta, watau Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. A nan gero, wanda mutanenmu ke kira hatsi kawai, da dawa da wake suna araha da kaka, kuma lokacin ne ya kamata a saya. Sai dai a lura da surfe: idan ya yi yawa, sinadarin ƙarfe da bitamin da ke bayan ƙwayar su bi dusa, akuya ta ƙoshi, yaro ya rame. Wake kuma, wanda ke maye gurbin nama a gidan talaka, kada a barbaɗa masa maganin ƙwari. Buhu mai ruɓi uku, ko jarka mai murfi, sun isa su toshe iska har ƙwarin su mutu. Gyaɗa da masara a tabbata sun bushe ƙayau, domin fumfunar da danshi ke haifarwa tana da dafin da ke lalata hanta.

Amma a miya ne zancen yake. Kuka, busasshen guro (kuɓewa ke nan a bakin Bakano), sure, zogale, tafasa, duk iyayenmu mata sun san shanya su, kuma shanyar inuwa ta fi ta rana riƙe amfanin ganye. Albasar Aliero, wadda ake lodinta har kudancin ƙasar nan, tana faɗuwa warwas da rani, ta yi tsada da damina. Mai dabara sai ya yanka ya busar, ya kuma ajiye gabu. A haɗa da daddawar kalwa da busasshen kifi. Na zauna ƙasar Turai ina karatu, na ga ana sayar da garin zogale a kwalba da tsada kamar magani, alhali a gida darni muke yi da shi.

Saura gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Dunƙulen miya kuwa yawancinsa gishiri ne, mu kuma sai mu jefa huɗu, mu ƙara gishiri a kai, sannan mu yi mamakin hawan jini. Daddawa da albasa suna rage bukatar dunƙulen. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, domin maganin maƙoƙo. Shi za a saya, a zuba a mazubi mai murfi nesa da murhu, don zafi da danshi suna korar aidin ɗin.