Sabuwar Doka da Gyaran Ihun Banza

Wani ƙanena a sana'a, wanda ya shekara biyu yana rubuta manhaja da harshen Python, ya same ni da wata shawara kwanakin baya. Ya ce, "Yaya, ina so in fara sa hannu a buɗaɗɗiyar manhaja, kuma linta na zaɓa. Akwai wata doka da nake son rubuta musu." Na tambaye shi ko ya leƙa tarin ƙorafe-ƙorafen da ke jibge a shafin aikin a GitHub. Ya ce ya leƙa, amma galibinsu na masu kukan linta ta yi musu ihu ne a inda babu laifi, shi kuwa abin da za a gani a ce nasa ne yake nema. Tun daga ranar nake auna ayyukan nan biyu a zuciyata, wato ƙara wa linta sabuwar doka, da kuma gyara tsohuwar doka don ta daina kama marar laifi.

Linta manhaja ce mai karanta kod ba tare da ta kunna shi ba, ta riƙa nuna wa mai shi wuraren da take zargin akwai kuskure. Stephen Johnson ne ya rubuta ta farko a shekarar 1978, a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, don harshen C. Sunan da ya raɗa mata kuwa na ɓurɓushin zaren nan ne da ke maƙale wa tufafi, irin wanda tela ke bi yana tsincewa bayan ya gama ɗinki. A yau kusan kowane harshe da nasa: ESLint ga JavaScript, Pylint da Flake8 da Ruff ga Python, Clippy ga Rust. Dukkansu a buɗe suke, kowa na iya karanta cikinsu, ya kuma kawo gyara.

Ba zan rage wa sabuwar doka daraja ba, don na ga amfaninta da idona. A Python, idan ka rubuta ɗan guntun aikin nan da muke kira fankshin, ka ajiye masa jeri wanda babu komai a ciki don ya yi amfani da shi in ba a miƙo masa wani ba, to sau ɗaya tak ake ƙirƙirar jerin nan. Ba a sake shi duk sanda aka kira fankshin ɗin. Ka ɗauka manhajar makaranta ce. An kira fankshin don aji ɗaya, ya zuba sunayen yara talatin. An sake kiransa don aji biyu, sai ga yaran aji ɗaya zaune a ciki tare da su. Kod ɗin bai tsaya ba, bai yi gargaɗi ba, sakamako ne kawai ya gurɓata, kuma mutum zai iya wuni yana laluben musabbabi. Wani bawan Allah ya zauna ya rubuta dokar da ke kama wannan, ita ce W0102 a Pylint, B006 a flake8-bugbear, kuma Ruff ta ɗauke ta da wannan lambar ta biyu. Allah kaɗai ya san wunin mutum nawa ta ceto.

Akwai wanda ya fi wannan girma. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya toshe wata ɓaraka a tsarin da ke tantance amincin haɗin intanet a wayoyinsa da kwamfutocinsa. Layi ɗaya ne ya maimaitu sau biyu a jere, sai na biyun ya sa ake tsallake matakin tabbatar da sa-hannu gaba ɗaya. Dokar da ke farautar kod ɗin da ba za a taɓa isa gare shi ba tana iya nuna irin wannan wuri nan take. Saboda haka burin ƙanena ba burin banza ba ne. Doka mai kyau rigakafi ce, kuma da zarar an saka ta, tana aiki a kwamfutocin mutanen da marubucinta bai taɓa jin sunan garinsu ba.

Sai dai haihuwa daban, reno daban. Wanda ya kawo doka yakan yi aikin mako ɗaya ko biyu, a karɓa, a yi masa godiya, ya kama gabansa. Masu riƙon aikin su ake bari da ita. Harshen zai fito da sabon salo, dokar ta rikice. Wani zai zo ya ce a ƙara mata zaɓi don kamfaninsu ba haka suke rubutu ba. Wani ya ce ta ci karo da wata dokar. Wannan nauyi ba zato nake yi ba, masu ɗaukarsa sun nuna shi a aikace. ESLint, wadda Nicholas Zakas ya fara a 2013, ta tara dokoki kusan 300, har a 2020 masu riƙonta suka taƙaita karɓar sababbi, sai waɗanda suka shafi sababbin abubuwan da aka shigar cikin harshen. A watan Nuwambar 2023 kuma suka janye hannu daga dokokin kwalliyar rubutu, irin su tazara da waƙafi, wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta ci gaba da kula da su a waje. Clippy ma, mai dokoki sama da 700, ta rufe ƙofar sababbin abubuwa na makonni 12 a 2025 don a fuskanci gyaran waɗanda ke hannu. Tana ma da wani rukuni na dokokin da ba su nuna ba tukuna, wanda sunansa ke nufin ɗakin renon jarirai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakunan nan ba ƙarancin doka suke kuka da shi ba.

Abin da suke kuka da shi, kuma masu amfani ke kuka da shi, shi ne ihun banza. Duk wanda ya taɓa ɗora Pylint a kan aikin Django, wato tsarin gina shafukan intanet da Python, ya san gargaɗin E1101. Django na jingina wa ajin bayananka wasu abubuwa a lokacin da manhaja ke tafiya, abubuwan da ba ka rubuta da hannunka ba. Pylint kuwa rubutu take karantawa, ba ta ga inda aka rubuta su ba, sai ta ce babu su. Kod lafiyarsa ƙalau, amma allo ya cika da ja. Har sai da aka rubuta wani ƙari na musamman, pylint-django, don a koya mata al'adar gidan. Haka F401, dokar da ke cewa ka shigo da abu ba ka yi amfani da shi ba. Gaskiya take faɗa a mafi yawan wurare. Amma a fayil ɗin __init__.py, wanda shi ne zauren kowane ƙunshi, da gangan ake shigo da kaya a jera su don na waje su ɗauka. In linta ta ɗauke su a matsayin shara, ta kuma share su da kanta, ƙunshin ya karye wa duk wanda ya dogara da shi. Gudun irin wannan ɓarna ne ya sa Ruff, wadda Charlie Marsh ya fitar a 2022, ta raba gyare-gyarenta na kai-tsaye gida biyu tun daga Oktoban 2023: waɗanda ta tabbatar ba sa canja ma'ana, da waɗanda sai mai kod ya nemi a yi da bakinsa.

Illar ihun banza ba ta tsaya a ɓata rai ba, kuma a nan ne nake ganin ma'aunin ya rinjaya. Karen da ke haushi a kan kowace inuwa, wata rana mutanen gida za su daina tashi, ranar kuwa ɓarawo zai shigo. Na yi aiki a kan wata manhaja da na gada daga wasu, na buɗe fayil ɗin saitin linta na tarar da dogon jerin dokokin da aka kashe. A cikin kod kuma kusan kowane shafi da alamar noqa, wadda ke ce wa linta ta yi shiru a wannan layi. Mutanen ba ragwaye ba ne. An dame su ne da ƙararrakin da ba su da tushe har suka toshe kunne, kuma cikin abin da suka toshe har da dokokin da ke kama kuskure na gaske. Na kwana biyu ina kunna su ɗaya bayan ɗaya, na tono kura-kurai uku da suka daɗe a kwance. Dokar da aka kashe, komai kyanta, ba ta kama komai. Wanda ya gyara ihun banza guda ɗaya yana dawo wa dokar ne da mutanen da suka juya mata baya.

Shi aikin gyaran, ga yadda yake a kusa. Wani ya kawo ƙorafi da kod layi ɗari biyu, ransa a ɓace. Sai ka kwafe shi, ka riƙa yanke layi kana sake gwadawa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya koma layi biyar ko shida da ke haddasa ihun. Wannan kaɗai gudummawa ce, ko da a nan ka tsaya, don ka rage wa mai gyara rabin wahala. Daga nan ka zuba layukan a fayil ɗin gwaji, ka rubuta cewa a nan ba a son jin komai, ka kunna gwajin ka ga ya faɗi. Sannan ka shiga cikin dokar. Linta ba haruffa take kallo ba, takan farfasa kod ne ta mayar da shi bishiya mai rassa, kowane reshe da matsayinsa a nahawun harshen. Sai ka bi rassan ka gano inda marubucin dokar ya ɗauka abu ɗaya ne kawai zai iya zuwa, alhali biyu ne. A Pylint har ka kan kutsa cikin astroid, ɓangaren da ke hasashen mene ne wannan suna yake nufi. Gyaran kansa sau da yawa bai wuce layi uku ba. Da ka miƙa shi, Pylint da Ruff duka suna da tsarin da ke gwada canjinka a kan manyan ayyuka na gaske, ya nuna maka gargaɗin da ya ɓace da wanda ya bayyana. Ranar da na fara ganin wannan rahoto, da layukan ihun da gyarana ya kawar daga kod ɗin mutanen da ban sani ba, na ji daɗin da ban manta ba har yau.

Rahoton nan kuma shi ke kare ka daga haɗarin wannan aiki, don yana da nasa haɗarin. Garin hana doka kama marar laifi, kana iya sassauta ta har mai laifi ya sulale. Ihun banza kowa na jin sa, amma shirun banza babu mai kawo ƙorafinsa, sai bayan ɓarna ta auku. Saboda haka gyara ba ƙaramin aiki ba ne da ake bar wa ɗan koyo don ya rage zafi. Yana buƙatar ka fahimci abin da ya sa aka kafa dokar tun farko, fiye ma da yadda marubucinta ya fahimta, tunda kai ka ga inda ta yi tuntuɓe.

Da na tambayi ƙanena wace doka yake son rubutawa, sai ya ce wadda za ta hana a raɗa wa abu suna mai harafi ɗaya ko biyu. Na ce masa wannan ra'ayi ne, ba kuskure ba ne, kuma nan ne sababbin dokoki suka fi jawo rigima. Na ba shi misalin da ya taɓa mu kai tsaye. Python 3 ta yarda ka sa wa abu suna ƙasa ko ɗalibi da harufanmu masu lanƙwasa, kod ya yi aiki sumul. Amma Pylint na da doka, C2401, mai gargaɗi a kan duk sunan da ya fita daga haruffan Ingilishi. Masu dokar na da hujjarsu, don ba kowane allon rubutu ke da waɗannan haruffa ba, kuma akwai haruffa masu kama da juna da ake iya yaudara da su. Duk da haka, ga malamin da ke koyar da yara a Kano ko Damagaram, yana son su ga harshensu a cikin kod, dokar nan shinge ce da sai ya tsallake. Abin da wani ya ɗauka tsafta, wani takura ce gare shi. Tarihin sana'ar ma ya nuna haka: JSLint ta Douglas Crockford, wadda ta fito a 2002, ta tsaya kai da fata a kan salon mai ita, har Anton Kovalyov ya ɓalle da JSHint a 2011, sannan ESLint ta zo da tsarin da kowa zai iya kunna dokar da yake so, ya kuma rubuta tasa a gefe.

Wannan ƙofar ta gefe ita na nuna masa. ESLint da Flake8 da Pylint duk suna karɓar ƙari daga waje. Ya rubuta dokarsa a matsayin ƙari, ya fara ɗora ta a kan kod ɗin wurin aikinsu, ya ga sau nawa ta faɗi gaskiya, sau nawa ta yi ƙazafi, ya kuma ɗanɗana renon abin da ya haifa. In ta yi amfani, mutane za su neme ta. Dokoki da yawa da Ruff ke taƙama da su a yau, cikin sama da 800 da take da su, a irin waɗannan ƙananan ƙari na Flake8 aka fara renonsu shekaru kafin a kwaso su.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, kafin nan fa?" Muka buɗe jerin ƙorafe-ƙorafen tare, muka tace waɗanda aka yi wa alamar ihun banza, muka zaɓi wani da ya yi watanni babu wanda ya taɓa shi. Kod ɗin mai ƙorafin ya haura layi tamanin. Kafin a kira sallar la'asar ya mayar da shi layi bakwai, linta kuma tana nan tana ihu a layi na huɗu. Ya ajiye su a fayil ɗin gwaji, ya buɗe dokar ya fara karantawa daga sama.